Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Akwai wata magana da mu ke so mu jawo hankalin jama'a gare ta, musamman ma'aikatan da suka karɓi kuɗin sallama, da 'yan kasuwan da suka ɗan sami rara, da ƙungiyoyin gama kai waɗanda ke neman inda za su juya kuɗinsu. Maganar kuwa ita ce ta zuba jari cikin kamfanonin da ke sana'ar talabijin mai amsawa, watau irin wanda mai kallo ke iya ba shi umurni daga inda ya ke zaune. Duk sa'ad da aka sa ranar komawa ga talabijin na dijital a wata ƙasa, sai ka ji dillalai sun tashi da shela, suna cewa ga kasuwa ta buɗe, wanda ya riga shiga shi zai kwashe riba. Mu dai ra'ayinmu a fili ya ke. Kamfanin da cinikinsa ya rataya ga ranar da wani dabam zai sa, alhali wannan wanin yana da ikon ɗaga ta ba tare da ya yi hasarar kwabo ba, bai cancanci a ajiye guzurin tsufa a cikinsa ba. Ba da ka muka faɗi haka ba. Abin ya faru a Amurka, ya faru a Ingila, wani reshensa kuma ya taɓa mu a nan gida.

Da fari bari mu bayyana yadda abin ya ke aiki, gama wanda bai san ƙirar kaya ba bai kamata ya taya su ba. Talabijin irin na da hanya ɗaya saƙonsa ke bi: tasha ta watso, kai kuwa ka kalla, in ba ka so ka murɗa. Talabijin mai amsawa yana ba mai kallo damar mayar da magana da rimot ɗin da ke hannunsa. Yana iya zaɓen fim ɗin da ya ke so a sa'ar da ya ke so, ya duba jerin shirye-shiryen mako, ya jefa ƙuri'a cikin gasa, ya sayi kayan da a ke talla, har ma ya aika da saƙo. Kafin wannan ya yiwu lalle sai abu uku sun haɗu. Na ɗaya, hanyar da ke ɗauke da hoto, ko waya ce ko eriya ko tauraron ɗan'adam, ta koma ta dijital, a kuma tanadi inda amsar mai kallo za ta bi ta koma. Na biyu, a sa dikoda mai ƙarfi a kowane gida. Na uku, a zuba wa dikodar manhajar da za ta tafiyar da ita. To, kamfanonin da mu ke magana a kansu, galibinsu masu wannan na ukun ne. Abincinsu shi ne ɗan ladan da a ke biyansu kan kowace dikoda da aka kunna a gidan mutum, da wani kaso daga cinikin da aka yi ta cikinta. Ashe ke nan su ne a ƙarshen sahu. Misalinsu kamar maƙerin linzami ne a garin da ba a kawo dawaki ba tukuna: kome kyawun aikinsa, sai fatake sun iso zai ga kuɗi.

Abin Da Ya Faru A Amurka

Wannan buri ba sabo ba ne a wurin Turawa. Tun cikin 1977 kamfanin Warner ya buɗe wani tsari mai suna Qube a birnin Kolumbus na jihar Ohayo, inda aka ba mutane ɗan akwati mai maɓallai biyar na amsa tambaya. Mutane suka yi ta sha'awarsa, amma kuɗin tafiyar da shi ya fi abin da ya ke kawowa, cikin 1984 aka naɗe tabarmarsa. A ƙarshen 1994 kamfanin Time Warner ya sake gwadawa a Orlando ta jihar Fulorida, a gidaje wajen 4,000. Kowane akwati da aka sa a gidajen nan kuɗinsa ya kai dubban daloli, saboda haka ba yadda za a yi a yaɗa shi ƙasa duka. Cikin 1997 aka rufe. Gwaji biyu ke nan, dukansu kuwa abu ɗaya suka nuna, watau na'urar tana aiki, lissafin ne ba ya fita.

Duk da haka, da zazzaɓin intanet ya kama kasuwar hannun jari, sai aka manta. Cikin 1997 kamfanin Microsoft ya sayi WebTV kan dala miliyan 425, ya kuma zuba dala biliyan 1 cikin Comcast, mai kai talabijin gidaje ta waya. Cikin 1999 ya ƙara zuba dala biliyan 5 cikin AT&T, bisa fatan za a sa manhajarsa cikin miliyoyin sababbin akwatuna. Da ƙananan masu jari suka ga giwa ta shiga ruwa, sai suka tabbata kogin ba shi da zurfi. A cikin shekarar nan ta 1999 kamfanonin Liberate da OpenTV suka fara sayar da hannun jarinsu ga jama'a, farashi ya yi ta hawa ba don ribar da suka ci ba, gama ba su fara cin riba ba, sai don gidajen da aka ce za a kai wa akwatuna baɗi. Hannun jarin OpenTV ya yi tsadar da har cikin 2000 ya ɗauki kamfanin Spyglass da takardun jarinsa waɗanda aka ƙiyasta a kan dala biliyan biyu da rabi.

Sa'an nan baɗin ta zo, akwatuna ba su zo ba. Kamfanonin waya sun riga sun ciwo bashi mai nauyi wajen sabunta layukansu. Sabon akwatin mai ƙarfi yana da tsada, manhajar ma ba ta gama nuna ba, ga shi kuma sun gane cewa sayar wa mutane intanet ta wannan waya ya fi saurin kawo kuɗi. Sai suka shiga ɗaga rana. Cikin 2001 AT&T ya ja da baya daga shirin manyan akwatunan, a ƙarshen 2002 kuwa sashensa na talabijin ya koma hannun Comcast ɗungum. Ma'aunin kasuwar Nasdaq, wanda ya haura 5,000 cikin Maris na 2000, ya faɗo ƙasa da 1,200 cikin Oktoba na 2002.

Ku dubi ƙarshen kowannensu. Cikin 2002 kamfanin MIH na Afirka ta Kudu, wanda ya fito gida ɗaya da masu DStv, ya sayar wa Liberty Media ikon mallakar OpenTV kan dala miliyan 185 ko kusa da haka. Ku auna wannan da abin da OpenTV ya bayar don Spyglass shekara biyu kacal kafin nan. Liberate ya nemi kariyar kotu daga masu binsa cikin 2004, cikin 2005 kuma ya sayar da sana'arsa ta Amurka ta Arewa ga haɗin gwiwar Comcast da Cox kan dala miliyan 82, watau waɗanda ya yi shekaru yana jira su ne suka saye shi da araha. Gemstar, mai jerin shirye-shirye na kan allo, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta tuhumi shugabanninsa da kumbura lissafin ciniki da fiye da dala miliyan 200. Wannan ma darasi ne, domin in an yi wa masu jari alkawarin ruwa, sama kuwa ta ƙi zubarwa, akan sami mai ɗebo na rijiya ya yayyafa a tsakar gida.

Yadda Jinkiri Ke Cin Jari

Mai karatu zai ce, to, ai jinkiri ne kawai, in an yi haƙuri ranar za ta zo. Gaskiya ne haƙuri yana da rana cikin fatauci, amma ba kowane kaya ke jure ajiya ba, kuma jinkiri yana cin irin wannan jari ta fuska huɗu.

Ta farko, albashi ba ya jiran kowa. Injiniyoyi ɗaruruwa za a biya su kowane wata, ko an kunna akwati ko ba a kunna ba. In kuɗin da aka tara suka ƙare, sai a buga sababbin hannayen jari a sayar da rahusa, rabon wanda ya riga shiga ya ƙanƙance, kamar tuwon mutum biyar da aka kira mutum goma su sa hannu.

Ta biyu, kayan fasaha a sito su ke tsufa. Wanda ya ajiye gero ko wake da kaka yana sa ran farashi ya tashi da bazara. Wanda ya ajiye dikoda shekara uku kuwa, zai fito ya tarar an ƙera wadda ta fi tasa aiki, ta kuma fi ta araha.

Ta uku, takardar yarjejeniya ba kuɗi ba ce. Kamfanonin nan sun riƙa gaya wa masu jari yawan gidajen da abokan cinikinsu ke kai wa waya, sai mai sauraro ya ɗauka duk gidajen nan masu biya ne. Alhali lada ba ya shigowa sai kan akwatin da aka kunna, waɗannan kuwa kaɗan ne ƙwarai cikin adadin da a ke shela.

Ta huɗu ita ce uwar sauran. Wanda ke ɗaga rana ba shi ke biyan kuɗin ɗagawar ba. Kamfanin waya in ya jinkirta shekara guda yana nan yana karɓar kuɗin wata daga mutanensa. Gwamnati in ta jinkirta, tsohon tsari yana nan yana aiki, jama'a ma ba su san an yi ba. Ita gwamnatin Amurka da kanta ta fara sa ƙarshen 2006 don kashe tsohon tsarin watsawa ta eriya, ta mai da shi 17 ga Fabrairu 2009, ta sake ɗagawa zuwa 12 ga Yuni 2009. In ƙasa mai wannan arziki ta ɗaga sau biyu, ina dalilin da zai sa mutum ya jingina dukiyarsa ga ranar da aka rubuta a takarda?

Darasin Ingila

A Ingila an ga fuska biyu na al'amarin a lokaci guda. Kamfanonin Carlton da Granada suka buɗe ONdigital cikin Nuwamba 1998, mai watsa dijital ta eriya, daga baya aka sake masa suna ITV Digital. Ƙarfin watsawarsa bai kai ko'ina ba, gama tsohon tsari yana nan ya tare fili, hoto yana yankewa a gidaje da yawa, 'yan damfara kuma suna buga katin jabu. A kan haka ya ɗauki alkawarin biyan fam miliyan 315 don nuna wasannin ƙwallon ƙafa na ƙananan rukunoni na shekara uku. Cikin 2002 ya durƙushe, ya bar kulob-kulob da yawa cikin bashi. A wannan shekara Quiero na ƙasar Sifen ma ya rufe. Da aka buɗe Freeview cikin Oktoba 2002 a kan wannan fili, ba kuɗin wata, sai ga mutane sun yi ta saye. Abin da yawancinsu ke so ashe shi ne tashoshi da yawa da hoto mai kyau da araha. Ingila ba ta gama kashe tsohon tsari ba sai Oktoba 2012.

Ɗaya fuskar ita ce ta Sky, mai watsawa ta tauraron ɗan'adam. Shi ya fara dijital cikin Oktoba 1998, ya shiga raba akwatuna kyauta cikin 1999, cikin 2001 kuma ya kashe tsohon tsarinsa. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne hanya tasa ce, masu biya nasa ne, ranar ma shi ya sa wa kansa. Bai jira kowa ba. Wannan ya nuna mana cewa cikin wannan sana'a riba tana bin wanda ragamar rana ke hannunsa.

Wani abin lura kuma, talabijin mai amsawa ya zo daga baya, sai dai ta wata ƙofa ya shigo. YouTube ya bayyana cikin 2005, Netflix ya fara aika fina-finai ta intanet cikin 2007, wayar hannu kuma ta zama abin jefa ƙuri'a da saye da sayarwa. Masu hasashen 1999 ba su yi kuskure ba da suka ce mutane za su so zaɓen abin da za su kalla. Amma wanda ya sa kuɗinsa ga masu manhajar dikoda bai ci moriyar wannan gaskiya ba, domin kafin a gama gina hanyar da ya tsaya a bakinta, ayari ya bi ta wata.

Mu A Nan Gida

Mun kawo duk wannan ne domin Nijeriya ma ta daɗe a kan wannan hanya. Cikin 2006 ƙasashen yankinmu suka ƙulla yarjejeniya a Janiba, aka sa 17 ga Yuni 2015 ta zama ranar komawa dijital. Nijeriya ta sa wa kanta Yuni 2012, ba ta cika ba. Yuni 2015 ta wuce, aka ce Yuni 2017, ita ma ta wuce. An yi gwajin farko a Jos cikin Afrilu 2016, aka buɗe Abuja cikin Disamba na wannan shekara, Ilori da Kaduna a ƙarshen 2017, Inugu da Oshogbo a farkon 2018. Daga nan aka yi shiru har 2021, sa'ad da aka buɗe Ikko da Kano. Har shekarar 2025 ta shigo ba a kashe tsohon tsari a ƙasa duka ba, alhali Ruwanda ta gama tun 2014, Kenya kuma cikin 2015.

Hukumar NBC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta ba kamfanoni 13 izinin haɗa dikoda a cikin gida, aka kuma sayar da ta FreeTV kan naira 1,500 bisa rangwamen gwamnati. Cikin 2015 hukumar ta ba MTN wani yanki na zangon iska kan naira biliyan 34 don a sami kuɗin aikin. Waɗanda suka amsa kira suka kafa masana'anta sun yi lissafinsu bisa gidaje miliyoyi da za su bukaci dikoda cikin ɗan lokaci. Ga shi kuwa kayan haɗin da dala a ke sayo su. Dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 cikin 2015 ta haura naira 1,500 cikin 2024. Cikin 2025 hukumar ta fito da sabon tsari tare da NIGCOMSAT wanda ya ɗora nauyin aikin bisa tauraron ɗan'adam, ƙungiyar masu haɗa dikoda kuwa ta koka cewa jarin da suka zuba bisa tsohon tsari zai salwanta. Ba mu yanke hukunci a nan kan wane tsari ya fi ba. Abin da mu ke nunawa shi ne ciwon da ya kama Liberate a Amurka shi ne ya kama su: sun shirya, ranar kuwa ba a hannunsu ta ke ba. A cikin shekarun nan na jira, samarinmu sun koma kallon fina-finan Hausa masu dogon zango a YouTube ta wayoyinsu. Kuma kada a manta, eriya karɓa kaɗai ta ke yi. Duk mai tallan talabijin mai amsawa a ƙasar nan, a tambaye shi ta ina amsar za ta koma, wa kuma zai biya kuɗin data.

Waɗansu za su ce in kowa ya noƙe har sai an gama, wa zai fara? Kuma wanda ya jira abu ya tabbata, ai zai tarar farashi ya riga ya tashi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ce a guje wa sabon abu ba. Amma fara irin wannan aiki na masu faɗin aljihu ne, waɗanda ke raba jarinsu wuri ashirin, sun san goma sha biyar za su mutu, biyar su rama. Microsoft ya yi hasara cikin wannan sha'ani, bai ko girgiza ba. Malamin makaranta da ya sa kuɗin sallamarsa wuri ɗaya ba shi da wannan gata. Gara ya sami rabin riba bayan abu ya tsaya da ƙafafunsa da ya rasa uwar kuɗi tun yana rarrafe.

Saboda haka duk wanda aka kawo wa tallan irin wannan kamfani, mu ke ba shi shawara ya nemi amsar tambayoyin nan a rubuce kafin ya kwance bakin jaka. Akwatuna nawa ne ke kunne a gidajen mutane yau, suna kawo kuɗi? In aka ɗaga rana shekara uku, kuɗin da ke hannun kamfanin za su kai shi? Wa ke da ikon sa ranar, kuma me zai rasa in ya saɓa? Abokan cinikin kamfanin nawa ne, ko kuwa ɗaya ne tak wanda in ya juya baya shi ke nan? Abin da kamfanin ke sayarwa, wayar hannu ba ta riga ta yi shi kyauta ba? In dillali ya kasa amsawa, ko ya shiga kawo sunayen manyan da suka riga shiga, to, a tuna manya sun shiga cikin 1999.

Ga hukuma kuma muna da ɗan roƙo, cikin ladabi. Alkawari kaya ne, ranar da gwamnati ta sa kuwa mutane suna cin bashi a kanta, suna gina masana'anta, suna ɗaukar ma'aikata. Ya fi kyau kada a ambaci rana sai kuɗin aikin suna hannu, an kuma daidaita kan irin na'urar da za a yi amfani da ita. In larura ta sa aka canja tsari, a zauna da waɗanda suka zuba dukiya bisa maganar farko a duba yadda za a rage musu hasara. In ba haka ba, ran da aka sake kiran 'yan kasuwa su kawo jari cikin wani aikin ƙasa, kowa zai tuna da dikodar da ta tsufa a sito, ya riƙe kuɗinsa.